Kilarinet da Ayarin Masu Goge: Tarihinsu Daga Biyana Zuwa Kiɗan Jaz

Kilarinet abin busa ne na Turai da ake yi da baƙin katako. A tsaye ya yi kama da algaita, sai dai shi ɓallin kara ɗaya tak ake ɗaura masa a baki, kuma yana da maɓallan ƙarfe da yawa. Ayarin masu goge kuwa su ne makaɗan biyolin, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, da yayyensa biyola da celo. Sama da shekara 200 ke nan ana haɗa mabushi ɗaya da irin wannan ayari su shiga duniya, da farko da rubutaccen kiɗan Turai da ake kira kilasik, daga baya har da jaz na baƙaƙen fatar Amurka. Littattafai sun saba ba da labarin ta bakin masu tsara kiɗa, irin su Mozart da Brahms. Amma in aka bi diddigi, kusan kowane babban kiɗa na wannan fanni don wani mabushi takamaimai aka tsara shi, shi ne ya roƙa ko ya biya, shi ne kuma ya ɗauke shi gari gari. Ta wajen mabusan wannan maƙala ta bi.

Asali

Ana danganta ƙirƙiro kilarinet ga Johann Christoph Denner na birnin Nuremberg a Jamus, wanda ya rasu a 1707. Wasu kan sa shekarar a 1690, wasu 1700, amma takarda mafi tsufa da ta ambaci kayan da sunansa ta 1710 ce, kuma cinikin ɗansa Jacob ne. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 kayan ya samu mazauni sosai a ƙungiyoyin kiɗa na fadoji.

Stadler da akwatin da ya ɓata

Anton Stadler mabushin fadar Biyana ne, kuma abokin Mozart. Shi da maƙerin kayan busa Theodor Lotz sun fito da wani dogon kilarinet mai sauka ƙasa fiye da na kowa. Don wannan kayan Mozart ya tsara kiɗan mutum biyar, kilarinet ɗaya da masu goge huɗu, ya gama shi a ƙarshen Satumba 1789, aka fara kaɗa shi a Biyana ranar 22 ga Disamba. A 1791 ya ƙara masa da kwanceto, wato kiɗan da gwani ɗaya yake ja babbar ƙungiya tana amsa masa. Stadler ya busa shi a Prag a watan Oktoba, makonni kaɗan kafin rasuwar Mozart.

Daga nan Stadler bai koma gida ba sai 1796. Ya bi ta Balin da Waso da Vilnius da Riga da St Petersburg da Hambog da Hanoba. A wannan tafiya ne ake jin rubutun Mozart na asali ya salwanta. Matar Mozart, Constanze, ta rubuta a wata wasiƙa a 1800 cewa Stadler ya ce sace akwatinsa aka yi a Jamus, amma wasu sun tabbatar mata jinginar da shi ya yi a kan kuɗi dukat 73. Ko wanne ne gaskiya, asarar ɗaya ce: da aka zo buga kiɗan a takarda bayan 1800, sai aka ɗaga ƙananan muryoyin don su shiga kilarinet na kowa da kowa, haka kuma aka riƙa busa shi shekara fiye da 150. Siffar dogon kilarinet na Stadler ma ta ɓace wa mutane, sai da wata mai bincike, Pamela Poulin, ta gano takardar sanarwar wasan da ya yi a Riga a 1794, da zanen kayan a jiki. Yawon da ya yaɗa kiɗan shi ne ya yi sanadin ɓatan asalinsa.

Ƙarni na 19

Carl Maria von Weber ya yi yawon kiɗa tare da Heinrich Baermann na Munik a 1811 da 1812, ya kuma gama masa kiɗan mutum biyar a 1815. Amma babban labarin ƙarnin na Richard Mühlfeld ne, wanda da goge ya shiga ƙungiyar fadar Meiningen a 1873 kafin ya koma busa. Brahms ya riga ya ce ya ajiye alƙalami, sai ya ji busar Mühlfeld a farkon 1891, ya fasa. A bazarar shekarar ya tsara masa kiɗan mutum biyar. An kaɗa shi a Meiningen ranar 24 ga Nuwamba, sannan a bainar jama'a a Balin ranar 12 ga Disamba tare da ayarin Joseph Joachim, babban mai gogen zamanin. A Maris 1892 suka kai shi Landan. A can ne a 1895 wani ɗalibi, Samuel Coleridge-Taylor, ɗan wani likita mutumin Saliyo, ya tsara nasa kiɗan na kilarinet da masu goge huɗu, wanda har yau ake kaɗawa.

Shigowar jaz

A birnin New Orleans kilarinet ya koyi wani harshe dabam a hannun su Johnny Dodds da Jimmie Noone da Sidney Bechet. Can ba takarda ake bi ba, da ka ake ƙirƙira nan take, ana lanƙwasa murya ana jan ta. Amma da jaz ya koma manyan ɗakunan rawa, ƙahonin ƙarfe da ganguna suka cika wuri, goge ya rasa bakin magana.

Wanda ya fara tsayawa a gaban taron jaz da masu goge huɗu a bayansa har abin ya yi amo shi ne mabushin kilarinet Artie Shaw. An shirya wani babban taron kiɗa a gidan wasa na Imperial a New York, aka nemi ya cike giɓi tsakanin manyan ƙungiyoyi biyu. Sai ya tsara ɗan gajeren kiɗa mai suna Interlude in B-flat, ya fito da biyolin biyu da biyola da celo da masu riƙe masa taki. Bayan awoyi na ƙarar ƙaho, wannan taushin ya kama mutane, suka nace sai an ƙara. Ba shi da wani kiɗan a hannu, dole suka maimaita wanda suka gama. Littattafai da dama sun sa wannan dare a 1935. Ranar da ta fi inganci ita ce 24 ga Mayu 1936, domin a watan Yuni na 1936 ne Shaw ya fara naɗar faifai da sunansa, kuma wannan taron ne ya buɗe masa ƙofar.

Ƙungiyar da ya kafa a kan wannan tsari ba ta kai shekara ba. A ɗakin rawa ba a jin goge huɗu, a farkon 1937 ya sallame su ya kafa ƙungiya irin ta kowa. Bai haƙura ba dai. A 1940 ya dawo da masu goge da yawa ya naɗi Frenesi, faifan ya yi kasuwa ƙwarai. A 1954 ya ajiye kilarinet bai sake komawa gare shi ba, ko da yake ya rayu har 2004.

Benny Goodman, 1935 zuwa 1950

An haifi Goodman, mabushin kilarinet na jaz, a Shikago ranar 30 ga Mayu 1909, a gidan Yahudawa matalauta da suka yi ƙaura daga daular Rasha. Malaminsa Franz Schoepp ɗan kilasik ne, saboda haka tushen yana nan tun yarinta. John Hammond, wanda yake kaɗa biyola, shi ya ja shi suka gwada kiɗan Mozart na mutum biyar a wani gida a New York a 1935. Gwajin farko na naɗar sa da ayarin Pro Arte bai yiwu ba, Goodman ya ga bai shirya ba ya fice. Ya koma ya yi aiki. A ranar 16 ga Janairu 1938 ya kai jaz zauren Carnegie, a watan Afrilu kuma ya naɗi Mozart da ayarin Budapest, wanda yana cikin mafiya daraja a duniya a lokacin. Masu sharhi da yawa sun ce busar daidai take amma a ɗaure. Duk da haka, faifan ya kai Mozart gidajen da ba su taɓa sayen irinsa ba.

A shekarar dai mai goge Joseph Szigeti ya rubuta wa ɗan ƙasarsu Hangari, Béla Bartók, yana neman kiɗa na kilarinet da biyolin da fiyano. Shawarar ta Szigeti ce, kuɗin na Goodman ne, dala 300. Abin da suka nema gajere ne, kashi biyu, kowanne ya shiga fuska ɗaya ta faifan garmaho. Bartók ya ba su abin da ya ninka haka. An fara kaɗa kashi biyu a Carnegie ranar 9 ga Janairu 1939 da sunan Rhapsody, Endre Petri yana kan fiyano. A 1940 Bartók ya zo Amurka, su ukun suka kaɗa cikakken kashi uku da sunan Contrasts, suka kuma naɗe shi a kamfanin Columbia. A farkon kashi na ƙarshe mai goge yakan zo da biyolin biyu. Ɗaya an karkatar da ɗaurinta da gangan, an ɗaga tsirkiyar ƙasa an sassauta ta sama, don ta yi amo irin na gogen ƙauyen Hangari. Bayan ɗan lokaci sai ya ajiye ta ya ɗauki ɗayar. Mabushin shi ma yakan sauya kilarinet a tsakiyar kashin.

Kiɗan da ya fi dacewa da taken wannan maƙala shi ne kwanceton Aaron Copland. Goodman ya nema a 1947, ya biya dala 2,000, da sharaɗin shi kaɗai zai busa shi har shekara biyu. Copland ya fara aikin a Rio de Janeiro, shi ya sa wani amon Burazil ya shiga ciki, ya gama a 1948. Bai sa ƙaho ko ganga ko ɗaya ba, masu goge ne kawai da fiyano da wani babban abin kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa da ake tsinka da yatsa. Kashin farko a hankali yake tafiya. Daga nan kowa ya yi shiru, mabushi ya ci gaba shi kaɗai, yana ɗan gwada muryoyin da za su zo, har ya faɗa kashi na biyu mai takun jaz. A wurin da ganga za ta shiga, masu babban goge ne suke marin tsirkiya a jikin katako. Goodman ya ga wasu muryoyin sun yi sama da yawa, ya nemi a sauke, Copland ya sauke.

Ranar fara kaɗa shi ma ana samun ta iri biyu, kuma duk biyun suna da hujja. Goodman ya busa shi ta rediyon NBC ranar 6 ga Nuwamba 1950, Fritz Reiner yana jagora. A gaban masu kallo kuwa Ralph McLane ne ya fara, da ƙungiyar Filadelfiya ƙarƙashin Eugene Ormandy, ranar 28 ga watan. Ta farkon ce ya kamata a riƙa, tunda a ranar ne duniya ta fara jin kiɗan, kuma daga bakin wanda aka tsara dominsa.

Abin da ya nuna Goodman ba da wasa ya shigo ba shi ne abin da ya yi a 1949. Yana da shekara 40, sunansa ya gama duniya, ya koma ɗalibi wajen Reginald Kell na Ingila, ya sauya har yadda yake kama bakin kayan, ya koyi rufe haƙoran sama da leɓe. Mutum ya rushe abin da yake ci da shi don ya sake gini, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Paul Hindemith ma ya tsara masa kwanceto a 1947. Darius Milhaud ya tsara masa nasa a 1941, amma shi Goodman bai busa shi a bainar jama'a ba.

Rangadin ƙasashe

A ƙarshen 1956 gwamnatin Amurka ta tura shi gabashin Asiya. A Bankok ya yi busa tare da Sarki Bhumibol na Tailan, wanda shi ma mabushi ne. A 1962 ya yi mako shida a Tarayyar Sobiyet, ya bi Mosko da Soci da Tibilisi da Tashkent da Leningrad da Kiyeb, shugaban Sobiyet Khrushchev da kansa ya halarci daren farko. Sai dai a lura, waɗannan tafiye-tafiye da ƙungiyar jaz ya yi su. Kilasik ɗinsa da ƙungiyoyin garuruwan da ya sauka yake yi, sau da yawa rabin dare Mozart ko Weber, rabi jaz. Wannan tsari na raba dare biyu shi ne gadon da ya bari. Ya rasu a New York ranar 13 ga Yuni 1986.

Bayan Goodman

A shekarar rasuwarsa Eddie Daniels ya fitar da faifan Breakthrough da ƙungiyar Philharmonia ta Landan. Richard Stoltzman na Amurka da Sabine Meyer ta Jamus da Martin Fröst na Suwidin duk sun busa kiɗan da aka tsara wa Goodman, Fröst ya naɗi Copland da ƙungiyar masu goge ta Ostareliya a 2011. Dogon kilarinet irin na Stadler ma an sake ƙera shi, ana busa Mozart da ƙananan muryoyinsa. Ƙananan ayarori sun rungumi wannan tsari ne saboda sauƙinsa: mabushi ɗaya da masu goge goma sha wani abu suna iya shiga mota ɗaya, kuma da Mozart da Weber da Brahms da Copland da 'yan kiɗan jaz da aka daidaita wa goge, suna da abin da zai cika dare guda a kowane gari.