Kwanton ɓaunar da aka yi wa sojoji, Gwamna ya faɗa ciki

1/ Jama'a, yau zan kai ku Malaya, wato Malesiya ta yanzu, shekarar 1951. Ku gyara zama.

2/ Tun Yunin 1948 'yan gurguzu ƙarƙashin Chin Peng suka shiga daji suna yaƙar Turawan Ingila. Shi fa Chin Peng ɗin nan, Ingila ce ta taɓa ba shi lambar girma don ya yaƙi Japan. Turawa suka ƙi kiran abin yaƙi, suka ce "dokar ta-ɓaci", don kamfanonin inshora ba sa biyan asarar yaƙi, ga kuma gonakin roba da ma'adinan kuza.

3/ Babbar matsalar 'yan daji ita ce makamai. Dabararsu: a sami kwana mai tudu a hanya, a laɓe a sama, motar sojoji ko 'yan sanda ta rage gudu, a buɗe wuta, a kwashe bindigogi, a ɓace.

4/ Abin da mutum 38 suka fito yi ke nan a hanyar Fraser's Hill, ranar Asabar 6 ga Oktoba. Bindiga suke jira. Sai ga Rolls-Royce da tuta.

5/ A ciki akwai Sir Henry Gurney, wakilin Ingila mafi girma a ƙasar (ya taɓa aiki a Gwalkwas, Ghana ta yau), da matarsa da sakatarensa. Hutu za su. Wata motar rakiya ta lalace a baya, sai Land Rover ɗaya ta 'yan sanda a gaba.

6/ Wuta ta tashi. 'Yan sandan suka jikkata, direba ya sha harsashi. Gurney ya buɗe ƙofa ya fito yana takawa zuwa gefen hanya, harbin ya koma kansa. Nan ya faɗi. Matar da sakataren suka tsira a cikin motar. Ni dai ina ganin da gangan ya fita, ko me mutum zai ce game da mulkin mallaka.

7/ Daga baya Chin Peng ya ce mutanensa ba su san wa suka harbe ba sai da suka ji labari.

8/ To wa ya biya? Ba su 38 ɗin ba. Ƙauyen Tras da ke kusa aka zarga da ba su abinci. Aka kwashe mutanensa kusan 2,000, yawancinsu 'yan asalin Sin, aka kai su sansanin tsarewa a Ipoh, har tsofaffi da yara.