Asalin Bogar Talakawan Misisifi

A arewa maso gabashin jihar Misisifi ta Amurka, dab da iyakar Tenesi, akwai wani ƙaramin gari ana ce masa Korint. Jirgin ƙasa ne ya kafa shi, don nan ne manyan hanyoyin dogo biyu suka gitta juna, shi ya sa aka zub da jini a kansa a 1862, lokacin yaƙin basasa. Yau baƙi da yawa ba don tarihin yaƙi suke zuwa ba, sai don wata boga da ake kira slugburger.

Ita boga tushenta Jamus ne. Mutanen da suka yi ƙaura ta tashar Hambag a ƙarni na 19 su suka kai wa Amurka al'adar niƙa naman sa a cura a gasa. Wanda ya fara cusa shi cikin burodi kuwa, har gobe gardama ake: 'yan Konetikat su ce nasu ne, 'yan Tekzas su ce a'a. Mu bar su da gardamarsu.

An ce a 1917 wani mutum, John Weeks, ya zo Korint daga Shikago ya kafa 'yar rumfa yana sayar da boga senti 5. To, nama da tsada, masu saye kuwa talakawa ne. Sai ya sa mahaucinsa ya riƙa niƙa naman tare da garin dankali, don kaɗan ya yi auki. Asalin slugburger ke nan. Da tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, dabarar mutum ɗaya ta zama ta kowa. Garuruwan da ke kewaye, har cikin Alabama da Tenesi, kowa ya shiga ƙara abin da hannunsa ya kai: wani fulawa, wani busasshen burodi. Daga baya tsakin waken suya ya maye gurbin dankalin. A Tufelo, garin da aka haifi mawaƙi Elvis Presley, fulawa suka riƙe.

In ka shiga gidan abincin da ke sayar da slugburger, doguwar kanta za ka tarar, da kujeru masu juyawa a jere gabanta, mai suya yana aiki kana kallo. Zai ɗebi curin kwaɓin, ya danna shi ya yi fale-fale, ya jefa cikin tafasasshen mai kamar mai tuyar ƙosai. Nan da nan gefen ya yi ja ya ƙandare, cikin kuwa da laushinsa. Sai a ɗora a ƙaramin burodi, a shafa mustad, a sa yankan albasa da tsimammiyar kokwamba, a miƙo maka a takarda. Da zafinta ake ci. In ta huce, mai ne kawai ke naɗe maka harshe. Musulmin da ya je can kuma ya tambaya tukuna, don wasu na gauraya naman alade.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da wadata ta zo bayan yaƙin duniya na biyu, nama ya yi araha, mutanen Korint ba su yar da ita ba. Wanda ya tashi da ita, zallar nama ba ya yi masa daɗi haka. Kantin magani na Borroum's, wanda wani likita ya buɗe a 1865, har yanzu yana soya ta a kantarsa, haka ma gidan abincin White Trolley. Tun 1988 kuma garin yake yi mata biki duk watan Yuli, da kaɗe-kaɗe.