Madubin Ganin Dare: Tarihin da Ke Cikin Jakar Kaya

Mu da ke gyaran madubin ganin dare da koyar da aiki da shi, da zubi muke ƙirga tarihinmu, ba da shekaru ba. Kowane zubi ya zo ne don toshe ɓarakar na gabansa.

Na farkon sun bayyana a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1945 Jamusawa suka ɗaura na'urar Vampir a kan bindigar StG 44, Amurkawa kuma suka yi aiki da tasu a tsibirin Okinawa. Duka biyun ba sa gani sai da fitilar infirared, hasken da idon mutum ba ya kamawa, ga kuma ƙaton batir da soja ke goyo. Babban aibinsu shi ne duk abokin gabar da ke da irin na'urar yana hango fitilarka tun daga nesa.

Wannan ne ya sa masanan sojan Amurka a Fort Belvoir suka koma neman hanyar aron hasken wata da taurari. A shekarun 1960 aka kai na'urar AN/PVS-2 yaƙin Biyetnam, da bututu uku a jere, kowanne yana ninka hasken da na gabansa ya miƙo masa. Ta yi nauyi, haske mai ƙarfi kan wanke hotonta fari fat, daren da babu wata kuwa sai lalube.

Juyin gaske ya zo a shekarun 1970, da wani siririn faifan gilashi mai miliyoyin ramuka. Ƙwayar lantarki ɗaya ta shiga rami, ta bugi bango, ta fito da dubbai. Bututu ɗaya ya wadatar, na'ura ta ƙanƙance har ta hau fuska. A shekarun 1980 aka shafa wa bakin bututun sinadarin galiyam asinaid, ya ƙara kaifin gani a duhu, rayuwar bututun ta kai awa 10,000.

A kan wannan aka gina AN/PVS-14 mai ido ɗaya, wadda ta yaɗu daga wajen shekarar 2000. Nauyinta bai kai rabin kilo ba, batir ɗaya na AA ya ishe ta. Hikimar ido ɗaya ita ce ɗaya idon yana nan da sabonsa da duhu. Amma faɗin ganinta digiri 40 ne kawai, shi ya sa darasin farko ga sabon shiga shi ne ya riƙa juya kai, ba ƙwayar ido ba. Sai saiti: a fara daidaita gilashin da ke kusa da ido, sannan na gaba, a kan tauraro ko wani abu mai nisa.

Buɗe jakarta ka ga tarihin a baje. Murfi mai ɗan huji a tsakiya, don a gwada ta da rana ba tare da an ƙona bututu ba. Gilashin sadaukarwa, mai shan yashi da ƙura a madadin na asali mai tsada. Wani na hana raɓar numfashi. Hannun ƙarfe mai maƙala ta a hular kwano, ya juya ta dama ko hagu. Gilashi mai kusanto da abu sau 3. Har fitilar infirared tana nan, 'yar mitsitsiya, kuma muna gargaɗin kowa kada ya kunna ta sai don duba taswira ko cikin ɗaki mai duhu ƙirin. Kafin ajiya, a cire batir: tsatsarsa ta kashe na'urori da yawa.

Yau gardamarmu ta koma kan launi da kwamfuta. Koren hoto na ja da baya, fari-da-baƙi na karɓar fage don ya fi sauƙi ga ido, an kuma fara haɗa bututu da kyamarar zafin jiki a na'ura ɗaya. Masu kyamarar dijital na cewa zamaninsu ya zo. Sai dai hotonsu na ɗan jinkiri, suna kuma cin batir, kuma mai tafiya a duhu ba ya yafe jinkiri. Har sai sun magance wannan, bututu ne sarki.