Daniel Igali: Ɗan Kokawar Bayelsa Da Ya Ɗauko Wa Kanada Zinare

A wasannin Olamfik na shekarar 2000 a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, tawagar Najeriya ta dawo gida da lambobin azurfa uku, babu zinare ko ɗaya a hannu (ta 'yan gudun ba-ni-in-ba-ka sai a 2012 aka mayar da ita zinare). Amma a wannan gasar akwai ɗan Najeriya da ya rataya zinare a wuyansa, sai dai tutar Kanada aka ɗaga masa. Sunansa Daniel Igali.

Kafin mu yi nisa, ba kokawar talabijin ake nufi ba, wadda yaranmu ke kallo ana rotsa wa juna kujera. Wannan kokawar Olamfik ce, a kan shimfiɗa, da alƙali da agogo. Ta sha bamban da tamu ta gargajiya. A wurinmu da an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, makaɗa su ɗauki kirari. Can kuwa faɗuwa somin-taɓi ce. Sai ka danne kafaɗun abokin karawarka duka biyu a kan shimfiɗa, ko ka fi shi maki kafin lokaci ya cika. Kuma kowa da ajinsa na nauyi, sai an hau sikeli kafin a shiga fage.

An haifi Igali ranar 3 ga Fabrairu, 1974, a ƙauyen Eniwari da ke jihar Bayelsa ta yanzu. Mutanensa Ijo ne, kuma kokawa a wurinsu gado ce kamar yadda take a ƙasar Hausa, ko wajen Bachama da ke yin tasu a bikin Vunon a Farai, nan jiharmu ta Adamawa. A dandalin ƙauye ya fara. Yana ɗan shekara 16 ya zama zakaran Najeriya, kuma a 1994 shi ne kyaftin na 'yan kokawar da suka tafi wasannin Kwamanwel a birnin Victoria na Kanada.

Bai taɓuka komai ba a gasar, na 11 ya zo. Da aka tashi dawowa sai ya ƙi hawa jirgi, ya nemi mafaka. Manyanmu ba su manta da wancan zamanin ba: an soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, Janar Abacha na kan mulki, ƙasa na cikin ruɗani. Wasu sun ce gudu ya yi. Ni dai ban ga laifin saurayi ɗan shekara 20 da ya duba gabansa ya ga babu hanya ba.

Zaman bai zo masa da sauƙi ba. Aikin gadi ya riƙa yi da dare, da rana karatu da atisaye. Wata baiwar Allah mai suna Maureen Matheny ta riƙe shi tamkar ɗan da ta haifa. Ya shiga Jami'ar Simon Fraser, inda ya yi karawa 116 a jere tsakanin 1997 da 1999 ba a yi galaba a kansa ba. A 1998 ya samu takardar zama ɗan ƙasa.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe. A 1999, a Ankara babban birnin Turkiyya, ya doke Ba'amurke Lincoln McIlravy a karawar ƙarshe ta ajin kilo 69, ya zama zakaran duniya. Matar da ta riƙe shi tana kwance da ciwon daji a lokacin, ta kuma rasu jim kaɗan bayan dawowarsa. Da shekara ta zagayo, a Sidni, sai ga shi sun sake haɗuwa da McIlravy a kusa da na ƙarshe, ya sake yin galaba. A karawar ƙarshe ya ci Arsen Gitinov na Rasha da maki 7 da 4. Ya shimfiɗa tutar Kanada a tsakiyar fage, ya kewaye ta da rawa, ya durƙusa ya sumbace ta. Wannan ce zinare ta farko da Kanada ta taɓa samu a kokawar Olamfik.

To jama'a, a nan ne abin dubawa. Ƙarfin da Igali ya ci Sidni da shi daga Eniwari ya taho da shi. Abin da Kanada ta ƙara masa shi ne mai horarwa na kullum, makaranta, abinci, da karawa a kai a kai da gwanayen duniya. Na 11 a 1994, na ɗaya a 1999, mutum ɗaya ne. Mu ma ƙarfin ba mu rasa shi ba. Duk wanda ya ga samarin da ke kama shanu a kasuwar Mubi ya san haka. Amma kokawarmu ta tsaya a lokacin kaka: a cire amfanin gona, a yi wasa, a watse sai baɗi. Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu tsari, domin tun 1975 suka kafa gasar Takobi, wadda aka fara a Tawa kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ya lashe. Duk da haka ita ma ta gargajiya ce, kuma wanda bai koyi fafatawa bayan an faɗi ƙasa ba, ba zai kai labari a Olamfik ba komai ƙarfinsa.

Igali ya ƙara da zinare a Kwamanwel ta 2002 a Manchester, ajin kilo 74. An yi masa aiki a wuya, ya je Olamfik ta Atina a 2004 ya zo na 6, tauraronsa ya fara dusashewa ke nan.

Sai ya waiwayo gida. Ya gina makaranta a Eniwari ya sa mata sunan Maureen Matheny, ya yi ɗan majalisar dokokin Bayelsa, a 2013 kuma ya zama shugaban hukumar kokawa ta Najeriya. A zamanin shugabancinsa ne Blessing Oborududu, ita ma 'yar Bayelsa, ta samu azurfa a ajin kilo 68 a Olamfik ta Tokyo, a watan Agustan 2021. Ita ce lambar farko da aka rubuta da sunan Najeriya a kokawar Olamfik, shekara 21 bayan Sidni.