Karatun yaro kafin firamare da tsarin gida: bayani ga iyaye mazauna Kudu

Karatun share fage shi ne duk abin da yaro yake koya tun daga haihuwa har ya shiga aji ɗaya na firamare, wato yana ɗan shekara 6 a tsarin Najeriya. Ya haɗa da nazare da makarantar allo, amma mafi yawansa a gida ake yin sa: ƙarfe nawa yaro yake tashi, wa yake yi masa magana, me yake ci, ina yake wasa, yaushe yake kwanciya. Mu da muke zaune a Agege, Mile 12, Sabon Badun, Shagamu, Lokpanta ko Ama Hausa ta Owerri, maganar ta fi shafar mu. Yaranmu suna tashi nesa da kakanni da gwaggwanni da suka saba riƙe wannan aiki a can gida, kuma ranar da suka shiga aji za su tarar da malama tana yin harshen da ba shi ake yi a ɗakinsu ba.

Dalilin da ya sa ake ta magana kan shekarun farko

Kafin yaro ya cika shekara 5, ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba. Masana a Jami'ar Harvard ta Amurka sun ƙiyasta cewa a shekarun farko jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna ƙulla mahaɗa sama da miliyan 1 a kowace daƙiƙa. Wadda ake yawan amfani da ita sai ta yi ƙarfi, wadda aka bari sai ta shuɗe. Abin da ya fi ƙarfafa su kuwa ba ya bukatar ko sisi: jariri ya yi gwaranci, uwa ta amsa, ya nuna akuya da yatsa, a ce masa "akuya ce, ka ga tana cin dusa".

Akwai wani bincike da ya kamata kowane uba ya ji labarinsa. A 1986 zuwa 1987, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, an ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24, 'ya'yan talakawa waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar. An raba su rukuni-rukuni. Wasu daga cikinsu ma'aikaciyar lafiya tana zuwa gidansu sau ɗaya a mako har shekara 2, tana nuna wa uwar yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka sake neman yaran. Sakamakon da mujallar Science ta buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin 100. Gwangwani da murfin kwalba fa, da uwar da aka koya wa zama da ɗanta. Duk wanda ya tashi a kara ya san maraƙin da ya sha wuya a watanninsa na farko ba ya ɓoyuwa ranar ciniki, ko an ɗura masa dusa daga baya.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya suka fitar da tsarin renon yara mai ginshiƙai 5: lafiya, abinci mai gina jiki, tsaro, kulawar da ke amsa bukatar yaro a kan lokaci, da damar koyo tun da wuri.

Abin da gwamnati ta tanada

An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, dokarsa kuma ta fito a 2004. Dokar ta sa renon yara ƙanana cikin ilimin tushe, ta kuma mai da shekara 9 na firamare da ƙaramar sakandare kyauta kuma dole. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta ƙara shekara 1 ta share fage ga ɗan shekara 5 kafin ya shiga aji ɗaya. Shi ya sa a firamaren gwamnati da yawa za ka ga ajin ƙanana a gefe, ƙarƙashin hukumar SUBEB ta jihar. Ɗan Bahaushe da aka haifa a Legas ko Oyo ko Abiya yana da haƙƙin zama a wannan aji kamar kowa. Da yawanmu ba ma zuwa tambaya ne kawai, mun riga mun yanke cewa makarantar ta 'yan gari ce.

Tsarin gida: abin da ake nufi da amfaninsa

Tsarin gida shi ne abubuwan yau da kullum su riƙa zuwa a jere iri ɗaya: tashi, wanka, karin kumallo, wasa, abincin rana, barcin rana, wankan yamma, tuwon dare, hira, kwanciya. Ƙaramin yaro bai san agogo ba, jeri ya sani. Idan ya gane cewa bayan wanka sai koko, bayan tuwo sai shimfiɗa, hankalinsa yana kwanciya, rigima tana raguwa, kuma a nan yake fara koyon jira da bin ƙa'ida. Waɗannan biyun su malamar aji ɗaya take nema tun kafin a zo maganar ABCD.

Mu kam an riga an ba mu agogo. Salloli biyar sun yanka yini gida-gida, kuma ko nepa ta ɗauke wuta ladan ba ya fashi. Uwar da ta ɗaura barcin rana da azahar, wankan yamma da la'asar, abincin dare da magariba, kwanciya da isha'i, ta gama tsara yinin ɗanta ba tare da ta rubuta komai a takarda ba.

Barci shi ne inda muka fi sakaci. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta ce jariri daga haihuwa zuwa wata 3 yana bukatar awa 14 zuwa 17 a yini da dare, ɗan wata 4 zuwa 11 awa 12 zuwa 16, ɗan shekara 1 zuwa 2 awa 11 zuwa 14, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, har da na rana. To mu lissafa. Yarinya 'yar shekara 4 da za a tashe ta ƙarfe 6 don a riga goslo, in ta kwanta 8 da rabi ta samu awa 9 da rabi, sai barcin rana na awa 1 ya cike mata. In kuwa sai 11 ta kwanta saboda ana kallon fim a ɗaki, awa 7 ke nan. Gobe a aji ta yi ta gyangyaɗi ko kuka, a ce ba ta da ƙoƙari.

Na san gidan haya. Ɗaki ɗaya, mutum shida, janareton maƙwabci yana ruri a bakin taga, ga zafi, ga sauro. Duk da haka akwai abin da ke hannun mutum. A sa labule a raba wajen kwanan yara. A rage ƙarar talabijin bayan isha'i, ko manya su koma baranda da hirarsu. A saki gidan sauro a lokaci guda kullum, har shi kansa sakin ya zama alamar dare ya yi. Yaro yana sabawa da ƙarar janareto, abin da ba ya sabawa da shi shi ne yau ƙarfe 8, gobe 12.

Abinci ma haka. Nono zalla wata 6 na farko, ko ruwa ba a haɗawa, daga nan a fara kunu da abinci mai laushi ana ci gaba da shayarwa har shekara 2, abin da likitoci da malamanmu suka haɗu a kai. Bayan yaye, cin abinci a zaune a lokaci sananne ya fi a miƙa wa yaro naira ɗari ya je shago ya sayo biskit. Kunun gyada, wake, ƙwai, ganye, ɗan kifi. Abin kunya ne a ce uba yana sauke shanu a Oko-Oba ko Akinyele amma ɗansa sai ya yi mako bai ga tsoka ko hanta a kwanonsa ba. Wanke hannu da sabulu kafin ci da bayan fitowa daga bayi, a maimaita shi har ya zama jiki.

Sai wasa. Ƙa'idar nan ta 2019 ta ce ɗan shekara 1 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 a rana yana motsa jiki, kuma kada a tsare ƙaramin yaro wuri ɗaya fiye da awa 1 a jere, har goyo a baya an ambata. Wannan zai ba iyayenmu mata mamaki. Goyo abu ne mai kyau, yaro yana jin ɗumin uwarsa yana jin muryarta, kuma a kasuwa ko tasha babu inda ya fi bayan aminci. Abin da ake so dai a riƙa sauke shi, a shimfiɗa tabarma ya yi rarrafe, ya ja kwano, ya buga murfi.

Waya kuwa ita ce sabuwar mai reno a unguwanninmu. Hukumar ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 ba a so a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana, in an rage ma ya fi. Illar ita ce lokacin da katun ya cinye, lokacin hira da guje-guje ne. Katun ba ya amsa wa yaro in ya yi tambaya.

Ƙananan ayyuka su ma karatu ne. Ɗan shekara 3 zai iya jera takalma, ya kai kofi, ya ƙirga cokula. Ana tsince shinkafa ana ƙirga, ana shanya ana faɗin launin kaya. Ɗan falke da ya iya bambance farar saniya da ja da baƙa, babba da ƙarama, ya riga ya fara lissafin da za a koya masa a nazare da kwalaye masu launi. In ya zubar da ruwa, a nuna masa tsumma. Bulala a wannan shekarun tsoro take koyarwa, kuma yaron da ke tsoro ba ya tambaya.

Uba fa? Yawancin iyayenmu maza suna fita kafin gari ya waye, wasu kuma mako biyu suna hanya tsakanin Potiskum ko Maigatari da Kudu a bayan tirela. Ba za a ce mutum ya bar nemansa ba. Amma minti 10 bayan magariba, yaro a cinya ana tambayarsa me ya gani yau, yana cikin tsarin gida. In ana tafiya, a riƙa kira a lokaci guda kullum a ba yaron wayar ya ji murya. Uwa ita kaɗai a ɗakin haya, babu kaka babu ƙanwa, tana gajiya, kuma tsarin yana rushewa ne ranar da ta gaji.

Harshe uku a kai ɗaya

Yaronmu a Badun yana jin Hausa a ɗaki, Yarabanci a tsakar gida, buroka a titi, Turanci a aji. A Anacha ko Aba, Ibo ne a madadin Yarabanci. Wasu iyaye sai tsoro ya kama su, su daina yi wa yaro Hausa wai kada ya rikice, su koma yi masa guntun Turancin da su ma bai zauna musu ba. Masana harshe sun daɗe da tabbatar da cewa yaro yana iya ɗaukar harshe biyu ko uku tare, kuma cakuɗa su da yake yi yana ƙarami ba alamar matsala ba ce. Abin da yake bukata shi ne harshe ɗaya da ake yi masa da yalwa, mai labari da wasa da tambaya. Wanda uwa ta fi iyawa shi ne wannan harshen. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kafin barci, kacici-kacici, sunayen dangi na can gida, duk suna tara masa kalmomi, kuma suna koya masa sauraron magana daga farko har ƙarshe. Yarabanci da Turanci zai same su a waje ko an so ko ba a so. Hausa ce in ba a yi a ɗaki ba, ranar da aka je gida da Sallah sai ya tsaya yana kallon kakarsa.

Allo da nazare

Ba sai an zaɓi ɗaya ba. Yaron da ya fara babbaƙu da farfaru a gaban malam yana koyon zama, sauraro, hadda da riƙe alƙalami, kuma duk suna yi masa amfani a boko. Matsalar tana zuwa in an cika masa yini: nazare daga 8 zuwa 2, lesin zuwa 4, Islamiyya zuwa magariba, allo da dare. Ɗan shekara 4 ke nan ba barcin rana ba wasa. A rage lesin ɗin, ba ya bukatar sa.

In za a zaɓi nazare, kada yunifom da fentin bango su ruɗe ka. Shiga ajin da kanka. Yara nawa ne a hannun malama ɗaya? Akwai ruwa da bayi mai tsabta? Akwai filin da za su yi gudu, ko bene ne a bakin titi? Malamar tana durƙusawa ta yi magana da yaro ko daga nesa take daka tsawa? Makarantar da ke ba ɗan shekara 3 aikin gida shafi biyu na rubutu tana burge iyaye ne, hannun yaron bai ma gama ƙwari ba. Ta kusa da gida wadda za a taka da ƙafa ta fi ta nesa da za a tashe shi da asuba a cusa shi a danfo.

Sabuwar shekarar karatu tana farawa a watan Satumba, don haka tun a hutun Agusta ake zuwa tambaya. Yawanci za a nemi takardar haihuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, ana kuma samun jami'anta a sakatariyar ƙaramar hukuma da asibitoci da yawa. Wasu makarantun suna neman katin rigakafi: na ranar haihuwa, na mako 6, 10 da 14, sai na ƙyanda a wata 9 da kuma wata 15. Wanda aka haifa a gida ko aka zo da shi daga Arewa babu takarda, ana iya yi masa rajista a inda kuke zaune yanzu. In katin ya ɓace a wajen ƙaura, a je cibiyar lafiya mafi kusa a yi musu bayani tun kafin ranar ɗaukar ɗalibai.