Yadda Aka Koyi Dasa Haƙori Ɗaya

A shekarar 1931, wasu masu tonon kayan tarihi a ƙasar Honduras suka ci karo da guntun muƙamuƙin wata mata daga mutanen Maya, wadda ta rayu wajen shekara ta 600 miladiyya. Haƙoranta uku na gaba sun fita, an sassaƙa ɓawon katantanwar teku an cusa a gurabensu. An daɗe ana zaton bayan rasuwarta aka yi mata wannan ado, sai a 1970 wani likitan haƙori a Brazil, Amadeo Bobbio, ya ɗauki hoton ƙashin, ya ga ƙashi ya tsiro ya rungume ɓawon. Ashe tana da rai aka dasa mata, jikinta kuma ya karɓa.

Wannan dace ne da aka shafe ƙarnoni ba a iya maimaita shi ba. A Ingila ta ƙarni na 18, talaka kan sayar da lafiyayyen haƙorinsa a cire a dasa wa mai kuɗi. Likitan tiyata John Hunter ya goyi bayan hakan, har ya dasa haƙorin mutum a zankon zakara don ya nuna zai kama. Haƙoran ba su daɗewa, ga cuta da ke bin su daga wannan baki zuwa wancan. A 1913 wani mai suna Greenfield a Amurka ya gwada wani ɗan kwandon ƙarfe mai tsada a cikin ƙashi, a ƙarshen shekarun 1930 kuma wasu 'yan'uwa biyu, Alvin da Moses Strock na Boston, suka gwada kusa mai zare. Matsalar dai ɗaya ce: galibi jiki yakan kewaye baƙon abu da nama mai taushi, sai ya fara girgiɗi, a kwana a tashi ya fita.

Mutumin da ya warware wannan ƙulli ba likitan haƙori ba ne ma. Per-Ingvar Brånemark, ɗan Suwidin, yana nazarin yadda jini ke gudana a cikin ƙashi ne a Jami'ar Lund. A 1952 ya saka wani ɗan bututu na ƙarfen titaniyom a ƙashin ƙafar zomo don ya riƙa leƙen ɓargo. Da aiki ya ƙare ya zo cire kayansa, abu ya ce ba inda za shi. Ƙashi ya manne da ƙarfen kamar tare aka halicce su. Wani da tsaki zai yi kan asarar kayan aiki ya wuce. Shi kuwa ya tsaya ya tambayi dalili, ya kwashe sama da shekara goma yana gwaji a kan dabbobi kafin ya taɓa bakin mutum. Wannan haƙurin nasa ne ya fi burge ni a duk labarin.

A 1965, a birnin Gotenbag, ya dasa kusoshin titaniyom huɗu a muƙamuƙin ƙasa na wani mutum mai suna Gösta Larsson, wanda aka haifa da nakasar muƙamuƙi, ba ya iya tauna yadda ya kamata. Larsson ya rasu a 2006, kusoshin na nan daram bayan shekara arba'in. Duk da haka likitocin haƙori sun daɗe suna yi wa Brånemark kallon mai shiga sharo ba shanu. Sai a 1982, a wani taro da George Zarb ya shirya a Toronto ta Kanada, ya baje sakamakon shekaru goma sha biyar a gabansu, sannan aka sallama. A Switzalan ma André Schroeder na Jami'ar Bern ya tabbatar da wannan mannewa ta nasa binciken.

Sai dai duk wannan aiki na Brånemark an yi shi ne don waɗanda bakinsu ya zama fayau, ba haƙori ko ɗaya. Mai wawulo guda, wanda ya faɗi a babur ko tsutsa ta cinye masa turmi ɗaya, bai shiga lissafi ba tukuna. Abin da ake yi masa a lokacin shi ne gada: a goge haƙoran nan biyu da ke gefen gurbin, a rage su, a kafa musu hula, sabon haƙorin ya rataya a tsakiya. Wato don a cike gurbi ɗaya, sai an taɓa lafiyayyu biyu da ba su ji ba su gani ba. Ƙashin da ke ƙarƙashin gurbin kuma ya ci gaba da zaizayewa, tunda babu saiwar da ke motsa shi.

A tsakiyar shekarun 1980 ne Torsten Jemt da abokan aikinsa a Gotenbag suka fara bayyana yadda za a ɗora haƙori ɗaya a kan kusa ɗaya. Abin ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Kusoshi huɗu da aka haɗe suna riƙe juna, amma guda ɗaya tilo sai haƙorin ya riƙa juyawa, ƙaramin sukurun da ke ɗaure shi yana kwancewa. Ga kuma batun kyan gani: haƙorin gaba dole ya saje da maƙwabtansa a launi da tsawo, dasashi ya kwanta a wuyansa lif. Sai da aka sake fasalin mahaɗin kusar da haƙorin, aka kuma ƙayyade ƙarfin ɗaure sukurun, kafin aikin ya zauna a shekarun 1990.

Ƙa'idojin da Brånemark ya kafa su ne ginshiƙi har yau. Ana huda ƙashi a hankali ana zuba ruwan gishiri mai sanyi, domin zafin da ya kai digiri 47 na minti ɗaya yana lalata ƙashi. A tsarinsa na asali, a rufe kusar da dasashi a jira wata uku a muƙamuƙin ƙasa, wata shida a na sama, kafin a ɗora haƙorin. Yanzu an rage jiran a lokuta da dama. Kusar ba ta ruɓewa, amma dasashin da ke kewaye da ita yana kumbura idan aka yi sakaci da wanke baki, kuma mashayin taba da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba sun fi fuskantar faɗuwarta. Yara kuwa sai muƙamuƙinsu ya gama girma, domin kusar ba ta matsawa tare da sauran haƙora.

Brånemark ya rasu a Gotenbag a watan Disamba na 2014, yana da shekara 85.