Tributyltin

Tributyltin, ko TBT, sinadari ne da aka riƙa zubawa a fentin gindin jiragen ruwa don hana gansakuka da ƙananan halittu maƙalewa. Yana tsiyaya a hankali cikin teku, ya rikita sinadaran jiki masu kula da haihuwa. Matan dodon koɗin teku kan fito da al'aurar maza, har su kasa saka ƙwai.

Bayan TBT ya durƙusar da kiwon kawa a Arcachon da ke Faransa, ƙasar ta haramta sinadarin ga jiragen da ba su kai mita 25 ba a 1982. Yarjejeniyar duniya ta 2001 da ta hana shi ta fara aiki a 2008. Ragowarsa na nan kwance cikin lakar tashoshin jiragen ruwa.